Wankan Mashin a Gidan Surukai

Tun da na dawo daga Kafanchan ba ku bar ni na ɗinka ko aljihu ɗaya cikin natsuwa ba. Wannan ya leƙo shago ya ce, "Iliya, yaya mutanen kudu?" Wancan ya ce, "Wai da gaske a kan akwalar nan taka ka je ka dawo?" Malam Sani mai guga ma rantsuwa yake a mota na ɗora ta. To, na ɗage ƙafa daga keken ɗinki, ku matso in faɗa muku sau ɗaya in huta. Amma wanda ya san dariya ya zo yi ya riƙe ta tukuna, don ni lokacin da abin ke faruwa ko murmushi ban iya ba.

Kun san matata Rifkatu 'yar wani ƙauye ce a bayan Madakiya, kun kuma san ta tafi gidan mahaifiyarta goyon ciki, tunda na fari ne. A nan al'adarmu da tasu suka zo ɗaya. Abin da ba ku sani ba shi ne wayar da ta yi mini ana tsakiyar damina. Ta je awo asibiti a Kafanchan, aka yi mata hoto, likita ya ce ɗan bai juyo ba, a zaune yake. Ya ce kada a kuskura a gwada haihuwa a gida, da zarar ciwo ya fara a kawo ta, aiki za a yi. Tana faɗa mini tana dariya, wai don kada in tsorata. Ni kuwa ajiye almakashi na yi.

Ƙauyen nasu mota ba ta shiga da damina. Mashin kuwa, tun shekarar da citta ta ruɓe musu a gona masu shi suka sayar, har da wan Rifkatu, wanda ya tattara ya tafi birni neman aiki. Gidan daga ita sai tsohuwa. Na ce wa kaina, in ciwon nan ya tashi da asuba, wa zai kai ta asibiti? Na duba ƙofar shago, ga mashin ɗina jingine yana ɗigar baƙin mai. Ba ni da wani sai shi.

Mashin ɗin nan kun san shi, na kawuna ne na gada, ya girmi wasunku. In ya yi zafi ba ni da abin cewa, zai kai ka duk inda ka nufa. Matsalarsa safiya. In ya kwana cikin sanyi sai an bi shi da lallashi: ka buɗe famfon mai, ka ja cok, ka taka kik a hankali makunni a kashe don mai ya sauka, sannan ka kunna ka buga da ƙarfi. Kada kuma ka taɓa totur, in ka taɓa ya shaƙe, sai ka zauna jira. A nan Zariya dabarata ɗaya ce, in fito da shi ya sha hantsi kafin in neme shi. Ban taɓa buƙatarsa da asuba ba.

Daga nan zuwa Kaduna lafiya lau. Bayan Kaduna ne na fara haɗuwa da shingaye. Ƙa'idar can, mai mashin in ya iso shinge sai ya kashe, ya sauka, ya tura har ya wuce buhunan yashi, sannan ya hau. Kowa ya saba, har masu goyon buhunan masara suna turawa suna hira. Ni kuwa duk kashewar da zan yi sai in ce anya zai sake tashi? A shingen farko na yi kamar na kashe, na bar shi yana numfashi ƙasa-ƙasa. Wani jami'i ya ɗago kai ya ce, "Malam, kunnena ƙalau yake." Na kashe. Allah ya taimake ni injin da zafinsa, bugu ɗaya ya tashi.

Ruwa ya tare ni a Kasuwan Magani da la'asar, irin ruwan da ba ka ganin wanda ke gabanka. Na fake a rumfar wani mai shayi, Danladi, mutum mai fara'a, da Hausarsa irin ta can wadda mace da namiji duk "ya" ne. Da ya ji abin da ya fito da ni ya ce ba inda za ni, in kwana a shagonsa a kan benci. Ya haɗa mini shayi da citta mai yajin da sai da na yi hawaye, ya ce, "Wannan shi ne shayi. Naku na arewa ruwan sukari ne." Mashin ya kwana a bakin rumfa, rabinsa a ciki rabi a waje.

Da gari ya waye na ga abin da nake tsoro. Na bi ƙa'idar nan daki-daki, shiru. Na buga, na buga, har na yi gumi cikin sanyi, shiru. Danladi ya ce in kwance fulogi ya gasa mini a kan wutar shayi. Muka gasa, muka mayar, mashin ya yi tari sau ɗaya kamar tsoho mai mura, ya koma barci. Ina tsaye ina haki sai ga wasu mata za su kasuwa, kayansu a kafaɗa ba a ka ba, abin da ban taɓa gani ba a wajenmu. Ɗayarsu ta sauke doyarta ta ce, "Baba, hau, mu tura ka." A garinmu wace mace ce za ta tura mashin ɗin namijin da ba ta sani ba? Na so in ƙi, na tuna Rifkatu, na hau. Suka tura ni kan kwalta suna ihu suna dariya, na saki kuloci a giya ta biyu, ya yi fat-fat-fat ya kama. Ban iya tsayawa na yi godiya ba don kada ya mutu, hannu kawai na ɗaga.

Duk hanyar Kachiya zuwa Zonkwa ban ga komai ba. An ce akwai duwatsu masu kyau da gonaki kore shar, ni dai lissafi ɗaya ne a kaina. Yau kwalta ce, ga mata majiya ƙarfi. In a ƙauye ne fa, cikin laka, da asuba, matata na murƙususu, wa zai tura?

Daga Madakiya na saki titi na shiga hanyar ƙauye. Jar laka ce mai kama taya, ga rafi a tsakani wanda ruwansa ya kai gwiwar yaro. Na isa gidan da yamma, ni da mashin ba ka bambance launinmu. Ban gama kafe shi ba sai ga surukuwata ta fito da gudu, ta rungume ni. Jama'a, rungume ni ta yi! Ku kun san yadda muke. Ni da na taso ina ganin babana yana sauya hanya in ya hango surukuwarsa, sai ga tawa ta riƙe ni gam tana cewa, "Ɗana ya zo! Ɗana ya zo!" Na zame na durƙusa zan gaishe ta kaina a ƙasa, ta kama hannuna ta miƙar da ni. "Tashi, nan ba fada ba ne." Ta zaunar da ni a tabarma ɗaya da ita, ta ɗibo faten acca da yakuwa da gyaɗa, ta tsare ni da ido sai na cinye. Abincin da daɗi, amma kunya ta hana ni sakewa. Rifkatu na gefe da cikinta tulu guda, tana yi mini dariya.

Na ce gobe-goben nan mu mayar da Rifkatu cikin Kafanchan kusa da asibiti. Mama ta ce an riga an shirya, ƙanwarta da ke can za ta ba su ɗaki, amma baƙin makoki sun cika gidan, sai ranar Lahadi bayan sujada. Likita ma ai ya ce da sauran lokaci. Na shiga lissafi. Daga ranar zuwa Lahadi safiya nawa ce, kowacce kuma da sanyinta.

Washegari na fito da sassafe don in gwada shi. Na tarar da mashin fes, yana ƙyalli, har tsakanin wayoyin taya ba laka. Na ɗauka ruwan sama ne ya wanke shi, ko da yake ƙasa ba ta jiƙe sosai ba. Na ja cok, na buga. Ko tarin nan na jiya bai yi ba. Na buga har ƙafata ta yi tsami, kik ya dawo ya doke ni a ƙwauri. Bai tashi ba sai da rana ta take tsaka, bayan na tura shi tsakiyar fili ya gasu. Rifkatu ta leƙo ta taga tana kallona, wannan karon ba dariya a fuskarta.

Da ya tashi ban tsaya cin abinci ba, na nufi Kafanchan neman bakanike. Aka nuna mini wani Inyamuri, Oga Emeka, wanda aka haifa a can, kakansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai da ɗan nata gishirin. Ya cire hular fulogi ya karkata ta, ruwa ya ɗigo. Ya kwance ƙasan kafireta, wato ɗan kofin da mai ke taruwa kafin ya shiga inji, ya zuba a tafin hannu ya nuna mini: fetur a sama, ruwa a ƙasa. Ya buɗe wajen shan iska, soson ciki sharkaf.

"Oga tela," ya ce, "wannan ba ruwan sama ba ne. Wane ne yana yi ma mashin naka wanka?"

Na ce ba kowa.

"Akwai kowa. Da bokiti ma, daga sama." Ya busar da komai, ya sa sabon fulogi, ya ce cok ɗin ya gaji amma zai kai ni. "Tsohon inji abu biyu ba ya so da safe, sanyi da ruwa. Kai ka haɗa mishi duka. Ka rufe famfon mai in za ka kwanta, ka rufa mishi wani abu, kuma ka nemo mai wankan nan ka roƙe shi."

Da asubar washegari na laɓe a bakin taga. Gari ya fara haske sai ga Mama ta fito da bokiti da soso, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga bokitin ruwan rijiya mai sanyin ƙanƙara ta sheƙa wa mashin tun daga tanki. Na ji kamar a bayana ta zuba. Ta durƙusa da tsufanta tana cuɗa inji, tana sa ɗan tsinke tana ƙwaƙulo laka daga tsakanin haƙarƙarinsa, ta ƙara ɗauraye shi, ta ja baya tana kallon aikinta cike da jin daɗi. Ina tsaye ina gani, bakina ya ƙi buɗuwa.

Na sami Rifkatu na ce don Allah ta yi wa Mama magana. Ta ce haka Mama take, baƙo ba ya fita gidanta da laka. Keken marigayi babansu ma kullum sai ta wanke kafin ya tafi wa'azi ƙauyuka, har ya rasu. "Kuma in ni na faɗa mata, za ta ce ka raina ta, kana gida ɗaya da ita kana aiko mata saƙo. Ɗanta ta ɗauke ka. Je ka faɗa mata da bakinka."

Na ce, "Rifkatu, a wajenmu ko sunanta ba na iya faɗa. Ta yaya zan dube ta in ce aikin da take yi mini ɓarna ne?"

Ta ce, "To a wajenku kake yanzu?"

Maimakon in yi magana sai na shiga dabara, irin ta matsoraci. Da yamma na goge mashin da tsumma tas, don ta ga ba abin wankewa. Na samo wata tsohuwar ledar shanya citta na lulluɓe shi, na ɗaure da igiya, na ɗora dutse. Na rufe famfon mai yadda Oga Emeka ya ce, na kwanta ina yaba wa kaina. Da safe na tarar da ledar a lulluɓe, igiyar a ɗaure, ɗaurin ma ya fi nawa kyau. Na ɗaga, mashin na ɗigar ruwa. Ta kwance, ta wanke, ta mayar, har ledar ta ɗauraye.

Ranar bai tashi ba sai bayan azahar. Ina cikin bugu na ɗago kai, na hango Rifkatu a bakin ƙofa ta dafa ƙugu, ta runtse ido na ɗan lokaci, sannan ta saki. Na ce mene ne? Ta ce ba komai, motsi ne kawai. Amma na ga yadda ta cije leɓe. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce wa kaina, Iliya, in yarinyar nan ta mutu a ɗakin nan, za ka ce wa Ubangiji kunya ce ta hana ka?

Na sami Mama a bayan gida tana sussukar acca. Na durƙusa can nesa, na kafa ido a ƙasa, na fara zagaye-zagaye. Na gode mata da abinci, na gode da masauki, na yi maganar damina, na yi maganar sanyi. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Ɗana, kana magana da ƙasa ne ko da ni? Ɗago."

Na ɗago. Ranar na fara ganin fuskarta sosai, ashe idon Rifkatu nata ne.

Na ce, "Mama, wankan da kike yi wa mashin, shi ke hana shi tashi. Ruwa na shiga cikinsa. Ba ya son ruwa, ba ya son sanyi. In ciwon Rifkatu ya zo da safe, ba zai tashi ba."

Ta dubi hannuwanta, ta dubi wajen da mashin yake. Can ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun shekaranjiya.

"Kana kallo ina zuba ruwa, ka yi shiru." Ba tambaya ba ce. Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da sussuka, ba ta ƙara ko kalma ba.

Yinin nan duka ba ta yi mini magana ba. Tuwon dare Rifkatu ce ta kawo mini ɗakin da aka sauke ni, ita kuma ta koma ɗakin Mama inda take kwana. Na kasa ci. Na ɓata wa tsohuwa rai, ga hadari ya haɗo, ga iska mai sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ko ba a wanke shi ba, wannan sanyin kaɗai ya isa ya kwantar da shi, na gani a Kasuwan Magani. Na rufe famfon mai, na lulluɓe shi da leda, na yi addu'a a kansa kamar mai addu'a a kan majinyaci.

Bugun ƙofa ne ya tashe ni, gari ya fara shirin wayewa. Muryar Mama ce: "Ɗana, fito! Ciwon Rifkatu ya tashi, ruwa ya fashe."

Na fito ba takalmi. Ruwan sama ya ɗauke amma sanyi har cikin ƙashi. Na ruga inda na kafe mashin. Ga leda a ninke, ga dutse a kai, babu mashin. Na ce shi ke nan, ɓarayi, yau ɗin nan da ba ni da kowa sai shi. Na buɗe baki zan yi ihu sai Mama ta ce, "Ina kake duba? Yana kicin."

Na sunkuya na shiga madafin, ɗan ɗakin laka mai ƙaramar ƙofa da baƙin rufi. Ɗumi ya buge ni a fuska. Ga mashin a tsakiyar ɗaki, an lulluɓe shi tun daga tanki har inji da zanen zumuntar matan coci na Mama, wanda ba ta ɗaurawa sai ranar babbar sujada. Daga baya na ji yadda aka yi. Tun da yamma Mama ta lura da tafiyar Rifkatu ta san abin ya kusa. Bayan na shiga ɗaki ta kira maƙwabciyarta, su biyu tsofaffi suka turo shi ciki, suka kori 'yan awakin da ke kwana a wurin. Ta hura wuta duwatsun murhu suka yi zafi, ta kwashe garwashin kaf ta fitar waje, sannan ta sa fartanya ta mirgino duwatsun ƙarƙashin inji. In sun huce ta sake gasa wasu a waje ta kawo.

Na ce, "Mama, fetur fa!"

Ta ce, "Na san fetur, ni ba yaro ba ne. Ba wuta a nan. Taɓa ka ji."

Na taɓa injin, ɗumi kamar burodin da aka fito da shi yanzu. Na turo shi waje da ƙyar ta ƙaramar ƙofar, na kunna, ko cok ban ja ba, na buga. Ya tashi. Bugu ɗaya, jama'a, da asuba, cikin sanyin nan! Na ji hawaye ya zo mini.

Mama ta fito da Rifkatu tana riƙe da ita. Muka ɗora ta a bayana, Mama ta zare zanen zumuntar nan ta zagaye mu da shi ta ɗaure mu tare tamau don kada ta zame, ita kuma ta hau can baya ta tallafe ta. Na sa giya, muka fita ƙofar gida, muka yi 'yar tafiya kaɗan, sai mashin ya yi ɓut-ɓut, ya shaƙe, ya mutu.

Ban san yadda zan kwatanta muku shirun nan ba. Na buga, ba komai. Na sake bugawa da mutum biyu a bayana, ba komai. Ɗumin da tsohuwa ta kwana tana tarawa yana tafiya a iska ina ji ina gani. Na fara kiran sunan Yesu da ƙarfi. Rifkatu ta dafa kafaɗata, ta matse har farcenta ya shiga, ta jira ciwon ya lafa, sannan ta ce a kunnena, murya ƙasa-ƙasa, "Iliya, ka buɗe mai?"

Famfon da na rufe da hannuna jiya. Ɗan man da ya kwana a kafireta ne ya kawo mu nan ya ƙare. Na laluba na buɗe, na ƙirga numfashi kaɗan don mai ya sauka, na buga. Ya yi tari. Na sake. Ya kama.

A rafi Mama ta sauka ta shiga ruwa har cinya, tana riƙe da Rifkatu ta gefe, ni kuma ina jan totur a giya ta ɗaya ina roƙon kada ruwa ya kai fulogi. Muka haye. A bakin titin Madakiya akwai shingen 'yan sintirin gari, sun gitta gora, suka ɗaga hannu in kashe in sauka. Hannuna ya nufi makunni don sabo. Mama ta daka mini tsawa daga baya: "Kada ka kashe!" Ta juya ta zazzaga musu magana da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga gorar ta tashi sama da sauri, ɗayansu har yana cewa Allah ya sauke lafiya. Ba mota a titi a wannan lokacin, muka miƙe har Kafanchan a haka, mu uku, ko in ce mu huɗu.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba, suka shige da ita. Ni da Mama muka zauna a benci, ƙafafunmu duk laka, ni ba takalmi, ita zaninta a jiƙe. Ta kama hannuna ta riƙe, ni kuma ban janye ba. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri da maganar jiya." Ta ce, "Ba maganar ne ya ɓata mini rai ba. Shirun ne. Da ka bar ni na kashe ɗiyana da bokiti."

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Can wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce, "Ina masu Rifkatu? An samu mace, uwa da 'ya lafiya. Ku kawo zanen jariri." Muka dubi juna. Jakar kayan haihuwar da aka haɗa tun wata guda tana can bakin ƙofar gida inda muka manta ta. Mama ta warware zanen zumuntar daga kafaɗarta, ta kakkaɓe, ta nemo gefen da baƙin mai bai taɓa ba, ta miƙa. A cikinsa aka miƙo mini 'yata, tana warin hayaƙin murhu da fetur. Na riƙe ta na yi kuka a gaban surukuwata, ban ji kunyar komai ba.

Na ce zan ɗinka mata sabon zani, tunda sana'ata ce. Ta ce a'a, da wannan za ta je godiya a coci, duk wanda ya tambayi tabon man za ta ba shi labari.

Bayan an sallame su na ƙara kwanaki a ƙauyen, kullum mashin a madafi yake kwana, 'yan awaki na waje suna yi mini kallon banza. Mama ba ta ƙara kusantarsa da ruwa ba. Laka ta taru a jikinsa har ta bushe ta tsattsage, in ta wuce ta gefensa sai in ga ta kau da kai, hannunta na motsi.

Ranar da zan taho na fito da asuba, na tarar da shi a madafi da ɗuminsa da lakarsa, ko ɗigon ruwa babu. Amma a kan sirdi ga takalmana, an wanke su fes ciki da waje, suna ɗigar ruwa. Mama na tsaye a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, tana kallona ta ga abin da zan ce.

Na dube ta ido cikin ido na ce, "Na gode, Mama." Na zura ƙafata a cikinsu a jiƙe, cikin sanyin nan, na buɗe famfon mai, na buga.